Waƙar Akushi da Kaset ɗin da Na Shafe

Shekara goma sha biyu ke nan da aka kai Yaya Lawal makwancinsa a Birmingham. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan hau bas daga Manchester in tafi Small Heath, mu taru da iyalinsa a yi masa addu'a, a ci abinci, a tuna barkwancinsa, kafin magariba in kamo hanya. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. Abin faɗa kam akwai, sai dai babban cikinsu laifina ne, ni kuwa ba gwanar tona wa kaina asiri ba ce. Bana na daure na faɗe shi a gaban mutum uku, na ga ban mutu ba, shi ya sa na ce bari ku ma in gaya muku.

Yayana ne ciki ɗaya, ya girme ni da shekara shida. Ni ce auta, kuma da Auta yake kirana har na fara furfura. Injiniya ne, karatu ya kawo shi ƙasar nan aiki ya riƙe shi. Mahaifinmu kuwa makaɗin kukuma ne a wani ƙauye gabas da Kano. Wanda ya san zaman falon mutanenmu a nan, inda likita ke gefen akanta, wannan ɗan alƙali wancan jikan hakimi, ba zai yi mamaki ba idan na ce ni dai manomi nake cewa duk lokacin da aka tambaye ni sana'ar Baba. Ba ƙarya na yi ba, yana da gona. Shi kuwa Yaya sai ya gyara zama ya ce da ƙarfi babansa maroƙi ne, da kukuma aka raine shi. In na harare shi, sai ya ƙara da bayanin yadda ake goga wa izga ƙaro kafin a fara kiɗa.

Baba yana da waƙoƙi da yawa, na biki da na noma da na shaƙiyanci, amma guda ɗaya ce ta raba rayuwarsa biyu. Lokacin yaƙin basasa ni ina 'yar ƙarama, Yaya ne ya riƙe labarin. Ya ce idan motocin soja suka zo tasha ɗibar samari, Baba ake kira ya zo ya kaɗa. Ya yi ta zuba kirari yana kiran sunan uban kowa da kakansa, har sai saurayin da kallo kawai ya kawo shi ya ga ƙafarsa ta kai shi cikin mota. Wata rana cikin waɗanda suka hau har da ƙanen Baba, Baffa Isiyaku. Bai dawo ba. Ba gawa, ba takarda, ba wanda ya ce ga inda ya faɗi. Kakarmu kullum da yamma sai ta zuba masa tuwo a akushinsa ta rufe ta ajiye gefen gado, da safe a ɗumama a ba mu. Da ɗumamen Baffa Isiyaku muka girma.

Baba ya rataye kukuma kusan shekara. Ranar da ya sauko da ita, da sabuwar waƙa ya sauko, mutane suka sa mata suna waƙar akushi. Yakan fara da cewa akushi na rufe, tuwo ya huce, mu kuma mu amsa, “Mai shi bai dawo ba.” A ciki ya kama sunan kansa ya ce shi ya kaɗa, shi ya zuga, mota ta tashi da ɗan'uwansa. A wani baitin ya ce can ƙetaren kogi ma uwa ce, ita ma ta rufe nata. Wannan baitin ya jawo masa magana. An taɓa tsai da shi a tsakiyar wani biki, wani tsohon soja ya ce yana tausaya wa maƙiya, wani tsohon sojan kuma ya miƙe yana hawaye ya ce a bar shi ya maimaita. Daga ranar da ya yi waƙar nan har ya koma ga Allah, Baba bai sake yi wa mai bindiga kirari ba.

Sau ɗaya aka ɗauki waƙar. Wani malamin firamare ne ya zo da rakodarsa har tsakar gidanmu, ba da daɗewa ba kafin Baba ya rasu. An tara mu mu yi amshi, ni lokacin na shiga makarantar kwana na fara jin kaina, da ƙyar Inna ta turo ni. Kaset ɗin guda ɗaya ne tak, malamin ya bar mana, kuma shi Yaya ya sa a aljihun kwat ɗinsa ranar da zai hau jirgi.

Duk wanda ya san Yaya ya san shi da kwalin takalmin nan cike da kaset. Masu goge, masu gurmi, masu kalangu, masu kuntigi, tsofaffin muryoyi waɗanda ba a gyara musu komai ba, kana jin tari da kukan zakara a bayan kiɗa. Yana da aboki, Malam Bulus, mutumin Filato ne mazaunin Gorton a nan Manchester, shi ma mahaifinsa a yaƙin ya tafi. Su biyun sukan zauna cikin mota a ƙofar gida su yi awa biyu suna sauraro, don matansu sun ce an ishe su a falo. Malam Bulus ne ya koya masa tonon tsofaffin faifai a kasuwar Gorton, na Turawan nan masu gita ɗaya da murya kamar ta mai mura, waɗanda suka yi wa nasu yaƙe-yaƙen waƙar ƙi. Yaya yakan ce duk 'yan gidan Baba ne, gita ce kawai ta fi kukuma yawan tsirkiya. Ni kuwa in ce masa duk kukan kura ne. Na fi son abin da ake rawa da shi.

To ga laifin. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma a wancan lokacin babu waya a ƙauyenmu, Inna kuma ba ta karatun boko. Wasiƙarmu kaset ce. Da an ji wani zai tafi gida, labari ya zaga gari, kowa ya zauna gaban rakoda ya gai da nasa. Ina sabuwar zuwa, ina zaune gidan Yaya a Birmingham kafin in koma wani ɗaki a Ardwick, nan Manchester, in fara karatun jinya, sai aka ce wani bawan Allah zai tashi ranar Litinin, zai biyo bayan la'asar ya karɓi saƙo. Ranar Lahadi ce, kantuna a rufe, Yaya da matarsa sun fita, ni kuma ba ni da sabon kaset. Na buɗe kwalin takalmi na zaɓi wanda ya fi kowanne muni, baƙi, ba hoto ba rubutu, an ɗaure gefensa da salatif. Na ce wannan ai ba mai nemansa.

Da na danna jan maɓallin ɗauka sai ya ƙi shiga. Yaya ya ɓalle ɗan haƙorin nan na bayan kaset, wanda ake ɓallewa don kada a ɗora wani abu a kai. Mai hankali a nan zai tsaya ya tambayi kansa dalili, ko aƙalla ya kunna ya ji. Ni kuwa gwana, na tuna dabarar da muka koya a makarantar kwana, na dunƙule takarda na cusa a ramin, maɓalli ya shiga. Na gai da Inna, na gai da kowa da sunansa har da akuyarta mai ƙafa uku. Na ba ta labarin sanyi, da yadda rana ke faɗuwa tun kafin a gama wanke-wanken rana, da dankalin da ake ci ba yaji. Na yi kuka, na fyace hanci, na yi dariya, na ce ta yafe mini duk rashin jin da na yi mata. Na kusa cinye gefe guda kafin na kashe.

Bayan kwana huɗu Yaya ya fara nema. Ya zazzage kwalin, ya ɗaga kujerun mota, ya leƙa har bayan firiji. Da na ji yana kwatanta wa matarsa, baƙi ne, an ɗaure shi da salatif, sai na gane kaset ɗin Baba na shafe. Na ce bari ya huce in faɗa masa gobe. Gobe ta zama mako, mako ya zama wata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zarginsa ya faɗa kan Malam Bulus, don shi kaɗai ke taɓa kwalin. Bai fito ya ce masa ɓarawo ba, amma ya tambaye shi sau uku, kuma tambaya uku ta ishi mai zuciya. Wata da watanni motar nan ba ta hau hanyar Manchester ba. Daga baya sun shirya, ni dai na ja bakina na yi shiru. Na yi aure, na haihu, na aurar, kullum ina jiran ranar da ta dace. Yaya ya faɗi a wurin aiki wata safiya, kafin bas ɗina ya isa Birmingham rai ya yi halinsa.

Tun daga nan nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Waƙoƙin yanzu na san zai tsokane su, ya ce na'ura ta wanke murya har ba a gane ta wane ne. Amma ba zai yi fushi ba, don yakan ce shi ma Baba a zamaninsa an ce ya lalata kiɗa. Abin da zai hana shi sukuni wayoyinmu ne. Ana tashin hankali a gida, kafin a binne waɗanda suka mutu hotuna sun iso mu. Sai ka ga babban mutum da digirinsa, yana zaune cikin flat mai ɗumi, 'ya'yansa suna jami'a, yana rubuta wa samarin ƙauyensu cewa su tashi su nuna su 'ya'yan wane ne. Na ɓangaren Malam Bulus ma haka, ya nuna mini nasu. Idan na karanta sai in ga Baba a tasha da kukumarsa kafin motar nan ta tashi. Bambancin kawai shi ya yi nadama da babbar murya. Waƙar da ta dace a tura wa mutanen nan kuwa ni na shafe ta da gaisuwar akuya.

Yaya bai taɓa cewa waƙa tana tsai da yaƙi ba. Cewa yake tana iya hana mutum ɗaya hawa mota, kuma akushi ɗaya da aka buɗe ba ƙaramin abu ba ne. Shi kansa yana saurayi ya so shiga soja, har ya karɓo takarda. Baba dai ya ɗauko kukuma bayan an ci tuwo, ya ja masa waƙar. Takardar nan da ita aka kunna wuta washegari.

Makonni kaɗan kafin addu'ar bana, 'yarsa Safiya ta kira ni. GP ce, wato likita, yanzu a Birmingham, Hausarta tana tafiya da sanda amma tana isa inda za ta. Ta ce mutanenmu na masallaci da na coci suna shirya wani zama tare saboda abin da ke faruwa a gida, an ce kowa ya kawo abin da zai faɗa. “Gwaggo, akwai wata waƙa da Daddy yake humming kullum in yana driving, ta Kaka. I only have the tune. Ke kin san words ɗin, ko?” Na ce mata sai na zo. Na ajiye waya.

Ranar addu'a tare muka hau bas da Malam Bulus, yanzu da sanda yake tafiya, amma bai taɓa fashin zuwa ba. Da aka shafa fatiha baƙi suka watse, ya rage daga ni sai shi sai Safiya da mahaifiyarta, Anti Hajara. Na ce ina da magana. Na faɗe ta tun daga kwalin takalmi har takardar da na cusa, ban rage komai ba. Na juya wurin Malam Bulus na ce ya yafe mini, ni na bari aka zarge shi ina ji ina gani. Ina magana idona yana kan kafet, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na ɗago sai na ga Malam Bulus yana kallon Anti Hajara, ita kuma tana danne dariya da gefen mayafi. Ta tashi ta hau sama, ta dawo da wani abu ƙunshe a tsohon ɗankwali. Tun kafin ta kwance na gane ɗankwalin Inna ne. A ciki ga baƙin kaset da salatif ɗinsa, har takardar da na cusa tana nan a raminta.

Ashe lokacin da Inna ta rasu Yaya ya je gida, a cikin kwallarta ya same shi. Matan gidan suka gaya masa kusan kullum sai ta sa an kunna mata, har maƙwabta sun haddace gaisuwata, yara suna kwaikwayon inda na fyace hanci. Ya dawo da shi ya kunna a mota, a makon nan kuma ya tuƙa har Gorton ya ba Malam Bulus haƙuri. Wato shekara da shekaru ina ɓoye abin da kowa ya sani. Na tambayi Anti Hajara me ya hana shi yi mini magana, ko da zagi ne. Ta ce ita ma ta tambaye shi, ta ce ya kamata ya sauke mini nauyin.

“Ya ce, ‘Ki bar Auta, ranar da ta shirya za ta faɗa da bakinta, in na riga ta kunya za ta hana ta zuwa gidan nan. Baba ya yi waƙar ne don kada uwa ta rasa muryar ɗanta. Ita kuwa muryarta ta aika wa uwarta. Ni ban ga ɓarna ba.’”

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar rasuwarsa. Ba wanda ya hana ni. Da na natsu Safiya ta jawo tsohuwar rakodar babanta aka sa kaset ɗin. Sai ga wata yarinya mai rawar kai tana gai da akuya, Safiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Muka saurara har inda na ce Inna ta yafe mini, aka ji ƙarar maɓalli. Daga nan sai kukuma ta shigo. Ashe ban kai ƙarshe ba, akwai ɗan guntun da bai cika minti ɗaya ba. Muryar Baba ce, ta dishe amma ba ta rawa, yana cewa in an kira ku tasha, samari, ku tambayi mai kiran ina nasa ɗan. Sai amshi ya biyo, kuma a cikin masu amsawar akwai wata siririyar murya da ke amsawa kamar an yi mata dole. Tawa ce.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Kaset ya tsaya, ni ban tsaya ba. Na ja baitin farko, Malam Bulus ya amsa da muryarsa ta mawaƙan coci. Shi ya kawo baitin uwar ƙetaren kogi, ya ce shi ne wanda ya sa ya fara zama a motar Yaya tun asali. Anti Hajara ta tuno wanda Yaya yake yi idan yana guga, Safiya ta riƙe mana karin duk inda muka kauce. Muka yi gardama a kan wane baiti ke gaban wane, Malam Bulus ya ce Hajiya ke da kika shafe ba ki da bakin gyara, na ce ai ni kaɗai ce a nan aka haifa cikin waƙar. Kafin la'asar mun haɗa baiti shida, Safiya ta ɗauka a wayarta. Yaya yakan ce tara ne. Uku sun tafi, kuma ba zan ɗora wa kowa ba, ni na tafi da su.

An yi zaman nan da Safiya ta faɗa, a wani zauren haya a Small Heath. Ba kukuma, wani ya kawo ƙwarya muka kifa. Ba zan ce mun gyara duniya ba, wasu ma suna ta latsa waya. Amma da aka zo amshi na uku rabin zauren yana amsawa, masu hula da masu sarƙar gicciye, har da waɗanda aka haifa a nan waɗanda sai da aka yi musu bayanin mene ne akushi. A wurin baitocin nan uku da suka ɓata mun shirya cewa ba za mu ƙirƙiro komai ba. Sai a bar ƙwarya ita kaɗai ta yi ta tafiya, sannan a amsa. Wata dattijuwa ta same ni daga baya ta ce wurin da aka yi shirun ne ya fi taɓa ta, don a nan ta sa sunan ɗan ƙanwarta.

Idan na auna abin da Yaya ya bari, ba kwalin kaset ba ne, don rabinsu sun riga sun cinye kansu. Ya bar waƙar a bakin matarsa da 'yarsa da abokinsa ba tare da ya zaunar da kowa ya koya masa ba, yawan yi ne kawai. Ya kuma bar mini ƙofa a buɗe shekara da shekaru, yana sane, bai taɓa ko yi mini gatse ba, shi da ba ya barin tsokana ta wuce shi. Na makara, ban faɗa masa da rai ba, wannan zai zauna mini har in tarar da shi. Allah Ya gafarta masa, da Baba da Inna, da Baffa Isiyaku duk inda ƙasa ta rufe shi, da 'ya'yan mutane na kowane ɓangare.

Bayan an tashi daga zauren wani likita da na daɗe da sani ya matso yana tambaya wai waƙar wace ce, bai taɓa jin ta ba. Shi ne mutumin da na taɓa gaya wa Baba manomi ne. Na ce masa ta mahaifina ce, makaɗin kukuma ne, maroƙi. Ni kuma ina cikin 'yan amshinsa.